GMAT ko GRE: wacce zaka zauna in kai mai faɗuwar gaba ne a ɗakin jarrabawa?

Duk wanda ya fara binciken yadda ake samun gurbin MBA, wato digiri na biyu a harkar kasuwanci, a waje zai ci karo da sunayen nan biyu, GMAT da GRE, jarrabawowin da makarantu suke auna mai neman gurbi dasu, kuma tambayar da kowa yake fara yi ita ce wacce tafi sauƙi. Gaskiya wannan tambayar bata kai mutum ko'ina, dan makarantun nan ba yara bane, sun san ma'aunin kowacce, abinda suke dubawa shine a wane sahu ka faɗo cikin dubban da suka zauna irin taka, in jarrabawar tayi maka sauƙi ai ta yiwa sauran ma. Tambayar da ni nake ganin tafi dacewa ita ce: in agogo yana gudu, tambaya ta ƙi ci, gabana ya fara dukan uku-uku, me na saba yi? Dan jarrabawowin biyu ba iri ɗaya suke yiwa mai ruɗewa ba, akwai wadda take barinka ka tsallake ka dawo, akwai wadda dole ka amsa kafin ta matsa gaba, kuma wannan bambancin kaɗai zai iya ɗaga makin mutum ko ya zubar dashi.

Amma kafin nan, ka tabbatar ma kana buƙatarta. In MBA ɗin gida kake nema, irin na Dangote Business School dake BUK ko na ABU Zariya, yawanci takardar digiri da ta NYSC ake magana, wasu makarantun kuma suna da tasu jarrabawar shiga, ba sai ka ƙona dala ba. A waje ma tun lokacin korona a 2020 makarantu da dama suka fara ɗagawa mutum ƙafa in yana da digiri mai ƙarfi a fannin lissafi ko shekarun aiki masu yawa. Wanda kuma yake neman MBA na manyan ma'aikata, wato masu karatu suna aiki, akwai wata ƙaramar jarrabawa da ake kira Executive Assessment, minti 90 ce tambaya 40, masu GMAT ɗin ne suke shirya ta. To ka shiga shafin kowace makaranta da kake hari ka karanta da idonka, kar ka dogara da abinda wani ejan ya faɗa maka. Sai dai fa in tallafin karatu kake sa rai, maki mai kyau yana ƙara maka nauyi ko a inda suka ce ba dole bane.

Abu na biyu, dukkansu sun canza kaya a 2023, kuma har yanzu akwai masu karatu da tsofaffin littattafan da suka gada wajen yayyensu. GRE, wadda hukumar ETS take shiryawa, daga Satumba 2023 an rage ta daga kusan awa huɗu zuwa awa 1 da minti 58. GMAT, ta hukumar GMAC, sabon tsarinta ya fito a Nuwamba 2023, aka rufe tsohon a ƙarshen Janairu 2024, yanzu awa 2 da minti 15 ce. An cire rubutun insha'i, an cire tambayoyin gyaran jimla da suka addabi mutane shekara da shekaru, lissafin siffofi irin su da'ira da kusurwa shima an ajiye shi gefe. Ma'aunin makin ma ya canza, da daga 200 zuwa 800 ne, yanzu 205 zuwa 805, kuma 645 na yanzu shine kwatankwacin 700 na da. Wannan yana da muhimmanci ga mai saurin karaya, dan zaka ga mutum ya samu 655 a gwaji yana ta baƙin ciki wai bai kai 700 ɗin da ake faɗa ba, alhali ya ma wuce wajen.

GMAT sashe uku ne, kowanne minti 45. Lissafi tambaya 21, Turanci tambaya 23, sai na ukun da suke kira Data Insights tambaya 20, shi wannan karatun tebur da jadawali ne da haɗa bayanai daga wurare biyu uku ka fitar da hukunci. A sashen lissafi babu kalkuleta, sai dai a na ukun ne suke baka a jikin allon kwamfutar. GRE kuma tana farawa da insha'i ɗaya na minti 30, su baka wata magana suce ka faɗi ra'ayinka ka kare shi, sai Turanci kashi biyu, tambaya 12 a minti 18 da tambaya 15 a minti 23, lissafi shima kashi biyu, tambaya 12 a minti 21 da 15 a minti 26, da kalkuleta. Makin Turanci da na lissafi kowanne daga 130 zuwa 170, insha'i daga 0 zuwa 6. Makarantun sahun gaba irin su Harvard da Stanford, ɗalibansu suna wajen 730 zuwa 740 a tsohon ma'aunin GMAT, a GRE kuma 160 da ɗoriya a kowane ɓangare, amma wannan matsakaici ne fa, ma'ana ana ɗaukar na ƙasa da haka, kuma ba su kaɗai bane makarantu a duniya.

Ta wajen abinda ake tambaya, bambancin a fili yake. Turancin GRE na kalmomi ne, zasu baka jimla da gurbi ɗaya ko biyu ko uku suce ka cike, kuma kalmomin da zasu jera maka irin waɗanda ko a jarida da wuya ka gansu ne, wani lokacin ma suce ka zaɓo guda biyu da zasu bada ma'ana ɗaya, in ka ci ɗaya ka faɗi ɗaya babu maki. Wanda yayi karatunsa duka da Turancin aji, wato ya iya na darasi da na ofis amma ba mai karance-karance bane, zai sha haddar kalmomi ɗari-ɗari. Mu kam hadda bata bamu tsoro, wanda ya taso da allo ya san yadda ake tilawa, amma hadda kaɗai bata isa, dan tambayar tana gwada ko ka gane inda jimlar ta karkata ne, akwai wata ƙaramar kalma a tsakiya da take juya ma'anar gaba ɗaya. Turancin GMAT kuma ba ruwansa da manyan kalmomi sosai, hujja yake bi: ga wani yace kaza saboda kaza, wane zaɓi ne zai raunana maganarsa, wanne zai ƙarfafa ta, me ya ɗauka a matsayin gaskiya ba tare da ya faɗa ba. In kai mai son musu ne a majalisa, mai saurin gano inda magana ta yi rami, zaka ji daɗinsa.

Lissafin duka biyun bai wuce na sakandare ba, kaso cikin ɗari, riba da faɗuwa, aljebra, matsakaici, yiwuwar abu. Babu lissafin jami'a ko kaɗan. Wahalar tana wajen yadda suke murɗa tambayar. GMAT tana da wani salo da ba'a ce ka nemo amsa ba, cewa ake ka faɗi ko bayanin da aka baka ya isa a samo amsar. Misali ace x cikakkiyar lamba ce, shin ta fi 10? Bayani na farko: ninkinta biyu ya haura 18. Bayani na biyu: bata rabuwa gida biyu daidai. Mai gaggawa zai ce na farko ya isa, alhali x zata iya zama 10 cif, kuma 10 bata fi 10 ba. Na biyu shi kaɗai baya cewa komai. Sai ka haɗa su ne zaka ga mafi ƙanƙantar abinda zata zama 11, to a nan ne ya isa. GRE kuma nata salon shine ta ajiye maka adadi biyu tace wanne yafi, ko daidai suke, ko ba za'a iya sani ba, kamar x da kuma x sau x, kai tsaye zuciya zata ce na biyun, sai ka tuna x zai iya zama 1, ko rabi. Yawancin masu koyarwa sun tafi akan lissafin GMAT yafi tsauri, ni ma haka nake gani, amma akwai tarko a GRE: da yake injiniyoyi da 'yan kimiyya da yawa suna zaunawa, masu cinye lissafin suna da yawa, kuskure kaɗan sai ya sauko da kai sahu mai nisa.

To yanzu ga inda maganar take. Duka biyun kwamfuta ce take auna ka tana canza wahalar tambayoyin, amma ba salo ɗaya ba. GMAT tambaya bayan tambaya take yi, kamar ɗan kasuwan Kwari da yake karantar fuskarka a ciniki, ka amsa daidai ya ɗaga, ka kasa ya ɗan sassauto, har ya gano iya ƙarfinka. Abinda wannan yake nufi shine duk iyawarka jarrabawar zata kai ka inda zaka ji tana maka wuya, dan aikinta kenan. Wanda bai san haka ba, da ya ga tambaya huɗu a jere sun ƙi ci sai yace shikenan na faɗi, jiki yayi sanyi, alhali wataƙila alamar yana sama ce. Wani kuma akasin haka, ya ga tambaya mai sauƙi sai ya fara lissafin to lallai na faɗi ta baya shi yasa suka sauko dani, ya bar tambayar dake gabansa ya koma duba fuskar kwamfuta. Wannan tunanin ɓata lokaci ne zalla, dan baka da hanyar sanin matakin tambaya daga kujerarka, abinda yayi maka sauƙi ƙila shine yake kada mutane.

Kuma a GMAT ba'a tsallake. Dole ka danna wani abu kafin ta baka ta gaba. Sabon tsarin ya ɗan yi sassauci, zaka iya sawa tambaya alama, in ka gama sashen da sauran lokaci ka koma ka duba duk wadda kake so, amma amsa uku kacal zaka iya canzawa a kowane sashe. In lokaci ya ƙare baka kai ƙarshe ba, babu komawa, kuma tambayoyin da ka bari ba amsa suna jawo ragin maki mai ciwo. Lissafa da kanka, minti 45 a raba wa tambaya 21, minti biyu ne da 'yan daƙiƙu. Mutumin da in tambaya ta gagare shi yake ɗaukarta a matsayin raini, yace wallahi sai na ga bayanki, ya zauna a kanta minti shida, ya riga ya ci kuɗin tambaya biyu na gaba, kuma ya sani, sanin nan ne yake ƙara rikita shi.

GRE kashi-kashi take aunawa. Kashin farko matsakaici ne ga kowa, yadda ka yi a cikinsa shine zai yanke wahalar na biyu. A cikin kashi ɗaya kuwa kai ne da gidanka, ka tsallake, ka dawo, ka canza amsa sau nawa kake so, ba'a rage maki dan ka canka ba daidai ba. Mai irin fargabar da take sa ƙwaƙwalwa ta ɗauke wuta a tambayar farko, wannan rahama ce gare shi, ya bar ta ya je ya tsinci masu sauƙi guda huɗu biyar, numfashi ya dawo, hannu ya daina rawa, sai ya waiwayo yaga ashe ba wani abu bane. In kai ne wannan mutumin, kuma makarantarka tana karɓar duka biyun, ni dai GRE zan ce maka, ko da kuwa zaka sha haddar kalmomi.

Amma akwai wani nau'in mai fargabar da 'yancin nan yake cutarwa, kuma ba'a cika maganarsa ba. Shine mai wasi-wasi. Ya amsa daidai, ya wuce, zuciya tace anya kuwa, ya dawo ya sake karantawa, ya canza, ya wuce, ya sake dawowa. A kashin da yake tambaya 12 cikin minti 18, minti ɗaya da rabi kenan kowace tambaya, wannan kai-komon kashe kai ne. Irin wannan mutumin takurar GMAT tana masa magani, ya danna ya wuce an rufe ƙofa, ya san uku kawai zai iya taɓawa a ƙarshe, dole ya ajiye su dan inda yake da hujja ta gaske ba dan zuciya ta raya masa ba. Na fi yarda da wannan rabon akan rabon da ake yi na cewa mai lissafi yayi GMAT mai Turanci yayi GRE, duk da shima yana da gaskiyarsa.

Sai maganar farawa da hutu. GRE kullum da insha'i take buɗewa, ba zaɓi, kuma tunda aka gajarta ta an cire hutun tsakiya, kusan awa biyu zaka yi a zaune. Wanda bai saba buga rubutu da sauri a kwamfuta ba, ko wanda farar takarda take tsorata shi, zai fara ranar da abinda yafi tsana, ya shiga sauran da ragowar tashin hankali. Wani kuwa rubutun ne yake ɗumama shi. GMAT ta baka dama ka jera sassan yadda kake so, ka fara da wanda kafi ƙarfi dan ka samu ƙwarin gwiwa, ko ka fara da dodon naka tun kai yana da sanyi, kuma akwai hutun minti 10 da zaka ɗauka bayan sashe na farko ko na biyu. Minti goman nan ba ƙaramin abu bane, ka fita ka sha ruwa, ka wanke fuska, ka miƙe ƙafa, abinda ya wuce ya wuce. Kar dai ka yanke tsarin a ranar, ka gwada jeri biyu uku a gida ka tsaya akan ɗaya.

Ita fargabar kanta, ya kamata a fahimci me take yi. Jiki ne yake sakin sinadarin shirin ko-ta-kwana, zuciya ta ƙara gudu, tafin hannu yayi gumi, ciki ya murɗa. Wannan ɓangaren ba shine matsalar ba. Matsalar ita ce ɗan wurin da ƙwaƙwalwa take riƙe abu na wucin gadi tana aiki dashi, wanda kake ajiye lambobi a ciki kana lissafi, ƙarami ne, in tunanin me zan cewa Baba, dalar nan ta tafi kenan, su wane sun wuce ni ya shigo ya zauna, to babu wajen da lissafin zai tsaya. Shi yasa zaka karanta sakin layi sau uku baka san me yace ba, kuma da ka fito ƙofa amsar ta faɗo maka.

Akwai wani ƙaramin bincike da Jeremy Jamieson da abokan aikinsa suka wallafa a 2010, kuma akan masu shirin GRE ɗin ma aka yi. An raba ɗalibai gida biyu kafin jarrabawar gwaji, aka gaya wa kashi ɗaya cewa bugun zuciyar da zasu ji ba abin damuwa bane, yana iya taimaka musu ma, ɗaya kashin ba'a ce musu haka ba. Waɗanda aka gaya wa sun fi cin lissafi a gwajin, kuma da suka je suka zauna ta gasken daga baya nan ma sun fi. Ba wai gabansu ya daina faɗuwa bane, fassarar da suka yiwa faɗuwar ce ta canza. Sai kuma na Gerardo Ramirez da Sian Beilock a 2011, inda aka sa ɗalibai suka yi minti 10 suna rubuta duk abinda yake damunsu game da jarrabawar kafin a fara, masu yawan fargaba a cikinsu suka fi yin kyau. Duka biyun ba kuɗi ake biya ba, ka gwada a gwajin gida ka gani ko zai karɓe ka, takardar kuma ka yaga ta tun a waje dan ba'a shiga da komai. Numfashi ma haka, ka ja a hankali ka fitar a hankali fiye da yadda ka ja, sau uku ko huɗu, daƙiƙa ashirin ne, kuma yafi arha akan minti uku na kallon allo ba fahimta. Addu'ar Annabi Musa ta cikin Suratu Ɗaha, Rabbishrah li sadri, da yawanmu da ita muka shiga WAEC da JAMB, ba dalilin barinta yanzu.

Amma fa duk waɗannan ƙari ne. Abinda yafi rage tsoro shine sabo, kuma anan ne mutane suke ha'intar kansu. Suna warware tambayoyi a kwance a gado, waya a gefe, in ta gagara su leƙa amsa suce ai dama na sani. Wannan ba shiri bane. Kowacce daga cikin jarrabawowin tana da gwaji na kyauta daga masu ita, GMAT tana da guda biyu a shafin mba.com, GRE tana da nata da ake kira POWERPREP. Tun kafin ka sayi littafi ko ka biya wani malami, ka ware safiyar Asabar ka zauna ɗaya, wata Asabar ɗin ka zauna ɗayar, a kan tebur, da agogo, waya a kashe, ba tashi. Gani ya kori ji. Kar ka tsaya a makin kawai, dan na farko kusan kullum baya daɗin gani, ka lura da kanka: a ina na daskare, a ina na fara gaggawa, wacce ce na tashi daga ita ina jin in na yi wata biyu zan iya. Daga nan ka zaɓi ɗaya ka manta da ɗayar. Masu shirin biyu a lokaci ɗaya wai dan ko-da, yawanci ba wadda suke yiwa adalci.

Wajen karatun, ga mai aiki wata biyu zuwa uku na awa ɗaya ko biyu kullum yafi zaman awa takwas na ranar Lahadi kaɗai, bayan asuba kafin gida ya tashi lokaci ne mai albarka in ka iya. Ka samu littafi guda ka riƙa rubuta duk tambayar da ka faɗi da dalilin faɗuwar, ban san ƙa'idar ba, ko ban karanta da kyau ba, ko lokaci ne ya kore ni. Bayan sati uku zaka ga kurakuranka ba su da yawa, iri uku ko huɗu ne suke ta maimaita kansu. Sannan ka koyi sakin tambaya da gangan, wannan fasaha ce da ake atisaye a kanta: ka sa wa kanka doka, in na kai minti biyu da rabi ban ga hanya ba zan cire zaɓin da na tabbatar ba su bane in canki ɗaya in wuce. Wanda ya shiga da niyyar zai sadaukar da tambaya biyu ko uku, in hakan ta faru baya jin duniya ta tashi. Maimakon kallon agogo bayan kowace tambaya kuma, ka haddace tasha biyu ko uku, misali a lissafin GMAT in na gama tambaya 7 ya kamata saura minti 30, in na gama 14 saura 15.

A gida ko a cibiya? Duka biyun ana iya zaunawa ta intanet, da kyamara da mai sa ido yana kallonka daga nesa, kai kaɗai a ɗaki, ƙofa a rufe, tebur fayau. A ido wannan kamar yafi wa mai fargaba, ɗakinka ne kujerarka ce. Amma a yanayinmu sai kayi tunani sau biyu, wuta ta ɗauke, netwok yayi ƙasa, yaro ya turo ƙofa yana kiran Abba, maƙoci ya tada janareta, kowanne zai iya sa a tsayar maka da jarrabawa ko a sa mata alamar tambaya, kuma ko basu faru ba zullumin kar su faru yana cin wannan ɗan wurin na ƙwaƙwalwa da muka yi magana. In baka da sola ko inbata mai ƙarfi da layin intanet biyu da ɗakin da zaka iya kullewa, ka tafi cibiya, akwai a Abuja da Legas. Ka isa garin kwana ɗaya kafin, kaje ka ga ƙofar wajen da idonka, kar ka kwana a mota ka shiga jarrabawa da safe. Zasu duba fasfo, su ɗau hotonka, su sa ka zuba komai a loka har agogon hannu, wannan duk al'ada ce ba tuhuma ba. Kuma sunan da kayi rajista dashi ya zama harafi da harafi irin na fasfo, mu da muke da Muhammad da Mohammed da Muhammed a takardu daban-daban, wannan kaɗai zai iya sa a mayar da mutum daga bakin ƙofa.

Kuɗi kam GRE ta ɗan fi sauƙi, a 2024 dala 220 ce a yawancin ƙasashe, GMAT kuma a lokacin tana wajen dala 275 a cibiya, 300 ta intanet, ya danganta da ƙasa, ka duba farashin ranar da zaka biya kuma ka tabbatar katinka yana biyan dala kafin ranar ƙarshe. In ka juya shi zuwa naira ba wasa bane, kuma nauyin kuɗin nan yana daga cikin abinda yake sa gaba faɗuwa, musamman in wani ne ya biya maka. Shawarata, in da hali ka sa kuɗin zama biyu a lissafinka tun farko, kuma kar ka shelanta ranar a gurup ɗin dangi. GRE tana da wata riba kuma, in zuciyarka bata gama tsayawa akan MBA ba, kana leƙen digiri na biyu a tattalin arziki ko harkar mulki ko ma digirin digirgir, maki ɗaya zai yi maka aiki a duka. GMAT ta makarantun kasuwanci ce, kuma in makarantar da kake so ta rubuta ƙarara cewa ta fi son ta, to magana ta ƙare, ka bi abinda suka ce.

Daren jarrabawa ba'a koyon sabon abu. Ka ci abincin da cikinka ya sani, kayi barci, da safe kar ka ɗura kofi ko lemon ƙara kuzari in ba ka saba ba, zuciyar da dama zata yi gudu ba sai an ƙara mata mai ba. Ka zaɓi lokacin da baya cin karo da sallah, in azumi ya kusa kuma ka san yamma tana kayar da kai, ka ɗauki safe ko ka matsar. Wanda kuma nasa ya wuce na kowa, numfashi yana sarƙewa, ko amai, ko kwana da kwanaki ba barci, wannan maganar likita ce ba ta dabara ba, kuma kar ka karɓi ƙwaya daga hannun aboki wai tana kwantar da hankali, zata iya kwantar da kai gaba ɗaya. Duka hukumomin biyu suna da tsarin ƙarin lokaci ga mai larurar da likita ya tabbatar, amma tun kafin rajista ake nema.

Makin kowacce yana aiki shekara biyar. Zaka ga makinka na wucin gadi a allo kana gamawa, banda na insha'in GRE da yake zuwa daga baya, kuma a duka biyun kai ne kake zaɓar sakamakon da za'a tura wa makaranta, wanda bai yi kyau ba zaka iya barinsa a aljihunka. GMAT ana sake zama bayan kwana 16, GRE bayan kwana 21, kowacce har sau biyar cikin wata 12. Yawancin manyan makarantun Amurka zagayen farko na karɓar fom a Satumba yake rufewa, na biyu a farkon Janairu, sakamakon GRE na hukuma kuma yana ɗaukar kwana 8 zuwa 10 kafin ya fito. To in Satumba kake hari, zaman farko ya kasance a Yuni ko farkon Yuli, yadda in bai yi ba akwai sarari ka huta sati ɗaya, ka buɗe littafin kurakuranka, ka sake zama a Agusta ba tare da ya haɗe maka da rubutun fom da bin waɗanda zasu rubuta maka takardar shaida ba.